Tabon Haƙoran Zuliha

Kubra ta matse kan yarinyar tsakanin gwiwoyinta tana dirza mata haƙora da gawayi da gishiri, kamar mai kankare gindin tukunya. Zuliha sai mutsu-mutsu take, dasashinta har ya fara jini, amma layin nan mai ruwan ƙasa da ya gilma a haƙoranta na gaba ko gezau bai yi ba.

"Yaya, ki sake ta haka nan," in ji Barira, uwar yarinyar, daga bakin murhu.

Kubra ko ɗagowa ba ta yi ba. Yayar Mukhtari ce, tsohon mijin Barira, kuma tun da auren ya mutu ba ta taɓa tako gidan nan na Bunkure da alheri ba. Wannan karon daga Kura ta zo da saƙon ƙaninta, wai a ba shi 'yarsa. Hujjarsu kuwa haƙoran. Tun da yarinyar ta yi famfara sababbin suka fito da tabo, Kubra ta bi dangi gida-gida tana cewa Barira ta saki 'ya tana gwaigwayar rake da alewa, ita tana can bakin kanal tana tsinkar tumatir a gonar mutane. Har da cewa ƙazanta ce ta gado.

Wannan maganar ce ta fi ƙona wa Barira rai. Ta ce to a je wurin likitan haƙori a birni, in ya ce sakacinta ne, Kubra ta wuce da yarinyar daga can. Kubra ta amince nan take, har da murmushi, don a ganinta an gama shari'a.

A bayan a-kori-kura suka tafi, tsakanin kwandunan tumatir. Har Kano ba wadda ta yi wa 'yar'uwarta magana. Kubra dai ta sami fasinjoji, duk wanda ya shigo sai ta ɗage leɓen yarinyar ta nuna masa, ta ce ya ga riƙon wata uwar. Barira ta kafa wa shukokin alkama ido tana haɗiye baƙin ciki.

Likitan saurayi ne, ya gaji da layin da ke bakin ƙofarsa, kuma bai ɓoye ba. Yana leƙa bakin yarinyar ya tambayi wane azzalumin ne ya kurje mata dasashi haka. Ba wadda ta amsa. Ya ƙwanƙwasa haƙoran da ɗan ƙarfe, ya ce ba rami ko ɗaya, saboda haka a daina ɗora wa rake laifi. Ya ce tabon goro ko na furen taba a sama yake zama, kankarewa ake yi ya fita. Akwai kuma ruwan wasu rijiyoyin da kan sa wa yara ɗigo fari kamar alli, amma shi duk yaran unguwa yake kamawa. Na Zuliha daban ne, a cikin haƙorin yake, tun yana cikin dasashi bai fito ba ya rine. Sai ya tambaya ko ta yi doguwar jinya tana ƙarama, kuma me aka ba ta.

Barira ta fara cewa ita dai jiƙo ta sani, Kubra ta tare ta.

"Ina za ta sani, likita? Ni aka kawo wa yaye. Yarinya ta zo mini kamar tsinke, sai zawo take. Da na biye wa jiƙe-jiƙen uwarta da tuni an binne ta. Kafso na saya mata a kemis, mai ja da rawaya ɗin nan, in buɗe in juye a koko safe da yamma, har damina ta fita. Bayan nan ma in ta zo mini da zazzaɓi shi nake ba ta."

Ta gyara zama tana jiran yabo. Likitan ya ajiye ƙarfensa.

"To Baba, kafson nan naki shi ya rina haƙoran. Ba a ba ƙananan yara shi."

Ya ce ko buhun gawayi za a ƙarar tabon ba zai fita ba, sai dai a cinye haƙorin. A bar ta da aswaki a hankali, in ta girma haƙoran suka gama zama, ana iya lulluɓe na gaban da wani farin abu. Bai jira godiya ba ya kira na gaba.

Barira ta fito ƙafafunta kamar ba nata ba. Daɗi take ji, amma da ɗaci a ciki, don an wanke ta, 'yarta kuwa da tabon za ta tashi. Ba ta ce wa Kubra uffan ba. Ta zaci kunya ta ishe ta, ganin har suka kai tasha matar nan ba ta buɗe baki ba.

Ashe shiri take. Suna isa inda motar Kura ke lodi, Kubra ta damƙe wuyan hannun Zuliha.

"Tunda a hannuna abin ya faru, a hannuna za a gyara. Ke da tsinkar tumatir za ki lulluɓe mata haƙora? Ubanta ne mai hali."

"Yaya, ba haka muka yi ba."

"Mun yi da ke, ko kin yi ke kaɗai? Kuma ki ji kunya mana, 'yar fari ce fa. Wace uwar kirki ce ke tsayawa a tasha tana jayayya a kan 'yar fari?"

A nan Barira ta gane haƙoran ba su ne maganar ba tun farko. Kubra ta san inda ta taɓa, don ga kwandasta da masu talla sun fara zagaye su, wata tsohuwa har tana gyaɗa kai. Shekara bakwai Barira tana yi wa yarinyar kara irin ta 'yar fari. Ba ta goya ta a gaban mutane, ba ta taɓa faɗin sunanta ba, sai dai "ke" ko "yarinyar nan". Kubra ta fara jan yarinyar zuwa ƙofar mota.

"Zuliha," in ji Barira, da ƙarfin da duk wanda ke wurin ya ji. "Zo mu tafi gida."

Yarinyar ta waiwaya tana neman mai kiran, don ba ta san sunanta a wannan muryar ba. Da ta ga bakin da ya fito, sai ta fizge hannunta.