Ƙyallen Iska na Buhun Shinkafa

Buhunan shinkafa takwas, an farke su an ɗinke wuri guda. Gora huɗu masu shiga bakin juna. Igiya mita goma sha biyu. Allurar buhu da zarenta. Kilishi ƙunshi ɗaya. Maganin kafaɗa. Dardumar salla.

Abin da Malam Mamane ya ɗauko daga gidansa na Saint-Denis, a gefen Paris, ke nan. Jirgin ƙasa ya ci rabin hanyar Lyon, shi kuwa bai saki gorar ba, tana tsaye tsakanin gwiwoyinsa. Mai duba tikiti ya tambaye shi ko tanti zai je kafawa. Ya ce e, don ya fi sauƙin bayani.

Basarke ne, masuncin gado, mutumin Gaya ta Nijar. Tun bai iya tsarki da kansa ba yake cikin kwale-kwalen ubansa a kan Kwara. Da ya zo Faransa sai ya ƙare a babbar kasuwar kifi ta bayan Paris, shekara ashirin da shida yana ɗaga akwatunan kifin da wasu suka kama. Teku kuwa bai taɓa shigarta ba sai da autarsa Rufaida ta sami aiki a jami'ar Bron, kusa da Lyon, ta sayi kayak biyu, irin ƙananan jiragen robar nan na mutum ɗaya. Sau uku a shekara takan ɗora su a kan mota, su gangara kudu, su yi kwana huɗu suna su. Kwana goma sha biyu ke nan a shekara. Sauran kwanakin jira yake yi.

Bara kafaɗar dama ta ƙi. Aka yi aiki, aka ɗinke, likita ya ce hannun ba zai ƙara wuce kunne ba, tuƙi da filafili kuma ya ƙare. Mamane bai yi musu ba. Ya koma gida ya tuna yadda ake hawan Kwara da kaya in ruwa ya yi ƙarfi: a kafa gora biyu, a baza buhunan da aka ɗinke, iska ta yi aikin. Matarsa Turai ta ce kekenta na ɗinki ba zai taɓa buhu ba. Ya ɗinka da hannun hagu, wata biyu.

Rufaida ta tare shi a tasha, ta durƙusa kaɗan ta gaishe shi, ta tambayi Inna da kafaɗa, sannan ta dubi gorar.

“Baba, wannan fa? Rumfa za mu yi?”

“Ke dai kai ni wurin jirgina, Auta.”

A filin ajiye motoci na gidan da take zaune suka fito da kayak ɗinsa daga garaji. Ya baza ƙyallen a ƙasa, ya danne kusurwoyin da takalmansa da jakarsa. Ya kusa rufe wurin mota guda. Rufaida ta zagaya shi tana auna shi da taku.

“Wanda ake sayarwa na kayak bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na wannan ba,” in ji ta. “Kuma da ka saki igiya yake kwanciya.”

“Na gani a wayarki. Hankici ne. Wa zai ja mutum da hankici?”

“Kwale-kwalen Kaka buhu nawa yake ɗauka?”

“Arba'in, har da mutane.”

“Wannan ni kaɗai nake ɗaga shi in sa a kan mota, Baba.”

“To, sai ya fi gudu.”

Ta yi dariya ba don tana so ba. Sannan ta faɗi sharaɗinta. Ba za su gangara teku da wannan abin ba sai sun gwada shi a tafkin da ke bayan gari. Kuma kafin a kafa komai, sai ya kifar da jirgin da kansa, ya hau shi daga cikin ruwa, ita tana kallo. Haka ake yi wa kowa, in ji ta, ita ma duk shekara tana yi.

Fuskarsa ta canza. “Da gangan? In kifar da jirgi da hannuna?”

“Gwaji ne kawai.”

“A gidanmu ko yaro ba ya wasa da wannan. Jirgin da ka koya wa kifewa ya koya. Shekara shida muna shiga teku, kin taɓa ganin na faɗi?”

“Lokacin kana da hannu biyu.”

Ya duƙa ya fara naɗe ƙyallen. Ta dubi ƙasa, ta ce ya yi haƙuri. Aka bar zancen kifewa, aka tsaya a kan tafki.

Washegari bayan hantsi suka isa. Watan Afrilu ne, rana ta fito amma ruwan da sanyinsa. Ya kafa gora biyu a ramukan da ake soke sandar fatsa, ya ɗaure ta gicciye, ya ja ƙyallen sama. Wasu Turawa biyu masu gudu suka tsaya suna karanta sunan shinkafar. Rufaida ta sa shi ya sa rigar da ke hana nutsewa, ta ja masa maɗaurin da kanta.

“Igiyar nan a hannu za ka riƙe ta,” in ji ta. “In iska ta yi yawa, ka saki. Kada ka ɗaure.”

“Na ji.”

Ya ji ɗin. Amma da ya zauna, iska ta cika buhunan, jirgin ya zabura, sai ya ga hannu ɗaya gare shi mai ƙarfi, kuma wannan hannun ne zai riƙe filafili a baya ya saita hanya. A Kwara ba wanda ke riƙe igiya. Ɗaure ta ake yi a jikin jirgi, da ƙullin da ubansa ya koya masa, wanda ruwa ke ƙara wa ƙarfi don kada ya kwance a tsakiyar tafiya. Yatsunsa suka yi ƙullin kafin ya gama tunani.

Jirgin ya tafi. Ruwa na tsagewa a gaba yana ƙara, irin ƙarar da bai ji ba tun yana saurayi. Kafaɗar ba ta ce komai ba. Ya waiga ya hango Rufaida tana tuƙi da iyakar ƙarfinta, tana ƙara nisa a baya.

“Auta, ko in jira ki?”

Ta ɗaga murya ta ce wani abu, iska ta tafi da shi. Ya gyara zama. Ya fara lissafin teku: wurin duwatsun nan da kifi ke taruwa, wanda da sai sun yi awa guda suna tuƙi, yanzu kafin shayi ya huce ya isa.

Iskar ta juya daga gefen itatuwa, ta bugi ƙyallen a kaikaice. Kwale-kwalen gida da sai ya ɗan karkata ya miƙe. Wannan ya kwanta. Mamane ya saki filafili ya kai hannu ga ƙullin. Ya jiƙe, ya ƙanƙame, ya yi abin da aka yi shi dominsa. Sai ruwa.

Sanyin ya kama masa ƙirji kamar an ɗaure shi. Ya taso, ya tofar da ruwa, ya dafa jirgin da ke kife. Rufaida ta iso, ta yanke igiyar da wuƙa, ta zare gorar, ta taimaka suka birkice shi.

“Ka hau. Ka shimfiɗa cikinka a kai, ka buga ƙafa, ka ja jikinka.”

Ya san yadda ake yi. Ya miƙa hagu ya kama gefen can. Ya ce wa dama ta bi. Ta tashi zuwa kunne ta tsaya. Ya buga ƙafa, ƙirjinsa ya hau rabi, jirgin ya mirgino kansa. Ya sake. Ya sake na uku, wani zafi ya tsaga masa kafaɗa har wuya, ya koma ruwa.

“Kama bayan nawa, Baba, in ja ka.”

“Bari.”

Ya lalubo igiyar gaban jirgin ya sa a haƙori, ya juya ya nufi gaɓa. Haka ake yi a gida. Jirgi in ya kife ba a hawansa a tsakiyar ruwa, gaɓa ake kai shi, ta dama ko ta hagu, wadda ta fi kusa, kuma kullum akwai wadda ke kusa. Ya yi iyo da hannu ɗaya. Rufaida tana gefensa, tana binsa a hankali. Itatuwan bakin tafkin suna nan inda suke. Ƙafafunsa suka fara nauyi, haƙoransa suka fara kaɗawa har igiyar ta suɓuce. Ya kama ta, ta sake suɓucewa. Da ta miƙo masa bayan jirginta karo na biyu, ya kama.

A mota ta kunna abin ɗumama, ta lulluɓe shi da bargo, ta zuba masa shayi. Buhunan na bayan mota a dunƙule, suna ɗiga.

“Nawa ne daga inda na faɗi zuwa gaɓa?” ya tambaya.

“Mita ɗari biyu. Ko ƙasa da haka.”

“Duwatsun kifin nan fa?”

“Kilomita biyu. Kuma iskar da za ta kai ka can daga tudu take busowa. Ba ta dawo da mutum.”

Ya san wannan. Shekara shida yana ganin teku, ya san gaɓa ɗaya gare ta. Wata biyun da ya yi yana ɗinki bai bar kansa ya tuna ba.

“In an rage shi fa?” in ji shi. “A cire buhu shida. A bar hankicin naki.”

“Ko babu ƙyalle ana kifewa, Baba. Igiyar ruwa ɗaya ta isa. Ba faɗuwar ce matsala ba.”

Ya dubi hannunsa na dama da ya kasa hawar da shi jirgin.

Suka koma Bron ana kiran la'asar a wayarta. Suka sauke jiragen, ita ke ɗauka, shi yana riƙe da baki ɗaya da hagu. Ta jingina nata a bango, ta ɗora nasa a kan katakon da ya saba zama. Sannan ta tsaya tana goge hannu a wando.

“Akwai mai zaman mutum biyu,” in ji ta. “In sayar da waɗannan in sayo shi. Ni in tuƙa, kai ka zauna gaba da fatsarka. Kifin ai bai san wa ya tuƙa ba.”

“In ya kife fa?”

“Sai in hau, in jawo ka.”

“Ki jawo ni. Kilo tamanin, a cikin igiyar ruwa, jirgin na rawa.” Ya girgiza kai. “Sai mu tafi mu biyu. Me zan ce wa uwarki, in ma na samu bakin faɗa?”

“To ka zauna a bakin gaɓa ka jefa. Tsofaffi da yawa na yi.”

“Na gan su. Da kujerunsu.”

Idonta ya kawo ruwa, ta juya tana gyara filafilan da ba su buƙatar gyara. Ya dubi jirgin nasa. Akwai karcen yashi a gindinsa, da tabon jinin wani kifi na bara da bai fita ba. Ya ɗora tafin hannu a kai, robar da sauran sanyin tafki. Ya ɗauke hannun.

“Fito, Auta.”

Ta fito. Ƙofar garajin irin mai saukowa daga sama ce, hannun dama ba zai kai ba. Ya miƙa hagu ya jawo ta har ƙasa, ya taka ta da ƙafa sai da makullin ya kama.

“Naki ki riƙe,” in ji shi. “Nawa ki sayar. Gobe da safe zan koma Paris. Na bar ruwa.”