Rijiyar Bawa Ta Shiga Tarihi

Khalid mutumin Bodinga ne, ma'aikaci a wata hukumar jiha. Aka tura shi kwas Amurka, can aka kai su yawon buɗe ido wani gandu da gwamnati ta keɓe don adana gadon ƙabilar Crow, 'yan asalin ƙasar, har da gidan tsohon shugabansu da idon ruwansu. Ya dawo yana cewa mu ma sai an adana namu kafin ya ɓace.

Da ya tashi adanawar, duk faɗin ƙasar Shagari bai ga komai ba sai rijiyar da yayana Bawa yake shayar da shanu a bayan Mandera, wadda muka gada tun zamanin kakanmu. Aka kewaye ta da waya, aka kafa allo: Gandun Al'adun Makiyaya. A tsakiyar bazara fa! Tafkuna sun ƙafe, ga Saye, saniyar Bawa, da tsohon ciki, ba za ta iya zuwa Dandin Mahe neman ruwa ba.

Ranar buɗewa muka saɓa guga muka tafi roƙo. Wallahi wurin ya yi kyau, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. An shafe bakin rijiyar da farin fenti, an girke shanun siminti kewaye da kwamin shayarwa, kowace ta sunkuya tana sha. An yi bukka sabuwa fil, an jera ƙore a ciki. Wani mai baki kamar rediyo yana yi wa baƙi bayanin yadda makiyaya suke shayarwa a da. A da, in ji shi, Bawa yana tsaye da guga a kafaɗa.

Khalid na ganin Bawa ya rungume shi, ya ce ga na asali nan. Aka gyara masa zaman malafa, aka tsayar da shi jikin saniyar siminti, aka yi ta ɗaukar hoto. Bawa ya bari aka gama, sannan ya ce, "Ranka shi daɗe, Saye ta kwan biyu ba ta sha ba. A bar ni in shigo da ita."

Khalid ya ce tausayi ya kama shi ƙwarai, amma kashin shanu zai ɓata wurin, ga manyan baƙi. Ya yi alkawarin rubutawa sama. Na buɗe baki zan wanke shi tas, Bawa ya taka mini ƙafa.

Da muka koma gida, muka tarar Saye ta kwanta, ta kasa tashi. Kafin la'asar aka sa mata wuƙa. Bawa ya koma bayan garke, na ji kukansa, ni ma na yi.

Washegari Khalid ya aiko da gaisuwa mai ladabi. Ya ce in ba damuwa a ba su ƙahonin da fatar, bangon bukkar ya yi fayau.