Bakin Dardumar Lalla Fatna

Humaira ta fizge wayar keken ɗinkin daga bango tun ba ta sauke jakar makaranta ba. Keken ya mutu da allura soke a bakin darduma.

"Rabi'atu, me kika yi?"

Rabi'atu, wadda suke haya tare a unguwar Madinat Nasr ta Alƙahira shekara uku, ta zare fil daga bakinta. "Gyara. Ba yau baƙuwarki za ta zo karɓa ba? Na ga bakin a sake, zare na reto kamar gemun bunsuru. Na datse, na kalmashe. Saura ɗan nan in gama."

Humaira ta dubi ƙasa. Zaren ulu fari, dogo-dogo, yana zube a kan tayil.

Mako biyu da suka wuce tana Maroko, tana zagaya ƙungiyoyin mata masaƙa saboda binciken digirinta. A wani ƙauye cikin duwatsun Atlas ruwa ya cinye hanya, motar da ta kawo ta ta kasa dawowa. Shugabar masaƙan, wata tsohuwa Lalla Fatna, ta kama hannunta ta kai ta gida ba tare da ta tambayi ko sunan mahaifinta ba. Kwana huɗu ta yi a can. Tsohuwar ta bar mata gadonta ta koma tabarma, ta yanka kazar da ke yi mata ƙwai, kullum da safe ga burodi mai zafi da man zaitun da shayin na'ana'a. Da Humaira ta ɗauki tsintsiya sai da aka ƙwace.

Ranar tafiya Lalla Fatna ta kwance wannan darduma daga masaƙa. 'Yarta Lina ce ta fara saƙa ta tana budurwa, kafin ta auri wani Bamisire ba da son uwar ba, ta bi shi Alƙahira. Shekara shida ba su yi magana ba. Uwar ta ci gaba da saƙar, ta bar taƙi biyu na ƙarshe, zaren tsaye a ɗaure kashi-kashi. Ta ce, "Ban iya rubutu ba, 'yata. Ki kai mata haka. Tana gani za ta san na bar mata wurinta."

Wurin ke nan a kan tayil.

"Wa ya sa ki?" in ji Humaira. "Na ce ki taɓa? A cikin akwatina fa take."

"Akwatin a buɗe yake. Kuma ba ki gaya mini komai ba, kin dawo sai labarin shayi da kaza."

"Don ban gaya miki ba sai ki ɗauki almakashi? Amana ce, Rabi'atu. Matar nan a ƙasa ta kwana saboda ni."

"To ma'alish. Ni ɗinki na gada, ba zan ga baki a sake in ƙyale ba."

"Ma'alish ɗinki zai mayar da zare?"

"Yi mini a hankali, malama. Alheri na yi niyya. Ke da ko maɓalli ba ki iya sawa ba, yau kin zama sarauniyar masaƙa." Rabi'atu ta fara tura zaren ƙarƙashin kujera da ƙafa. "Ki miƙa mata haka, khalas, shi ke nan. Ina za ta sani? Ta ma fi kyau."

Aka danna ƙararrawa.

Lina doguwa ce siririya, ta sa baƙar abaya, numfashinta na fita sama-sama saboda hawa huɗu. Ta yi sallama da Larabci, ta ƙi zama, ta ƙi ruwa. Idonta ya faɗa kan dardumar. Ta durƙusa ta shafa gefen da saƙarsa ta karkace, aikin hannunta na da. Yatsunta suka bi zanen suna hawa, suka wuce saƙar uwar, suka tsaya a kan kalmasa.

Ta miƙe a hankali.

"Ta rufe," ta ce. "Tun daga Ainu Shams na taso, na shiga mota biyu, don a nuna mini ta gama saƙar ba tare da ni ba. Da ta bar ni a yadda nake." Ta juyo kan Humaira. "Ke kuma kika ɗauko, kika kira ni a waya kina dariya, wai albishir."

Rabi'atu ta matse hannun Humaira, ta raɗa da Hausa, "Ki rufa mini asiri, don Allah. Tsakaninsu ne."

Humaira ta fincike hannunta. Ta ture kujerar gefe, ta tattaro zaren da tafi biyu ta miƙa wa Lina.

"Mahaifiyarki ba ta rufe ba. Taƙi biyu ta bar miki. A gidan nan aka yanke, yau da rana, cikin rashin sani. Laifina ne da na bar ta inda hannu zai kai."

Lina ta dubi zaren, ta dubi Humaira. "Kin ci abincinta, dole ki kare ta."

"Dubi ƙullin."

Lina ta ɗaga kashi ɗaya. Ƙullin da ke ƙarshensa ninki biyu ne, an murɗa shi ta hagu, irin ɗaurin da mahaifiyarta ke yi idan za a ci gaba da saƙa. Ta daɗe tana juya shi. Da ta ɗago, fushin yana nan, ya dai sauya wuri.

"Wace ce?"

Rabi'atu ta ɗaga yatsa kamar a aji. "Ni ce, ya ukhti. Zan warware ɗinkin yanzu, minti biyar."

"Kar ki ƙara taɓa ta." Lina ba ta ɗaga murya ba, amma Rabi'atu ta ja da baya har ta bugi firiji. "Tumakinmu ne. Mahaifiyata ce ta wanke ulun a rafi, ita ta kaɗa, da idon da ba ya gani sosai. Ke kin gama da shi tsakanin azahar da la'asar."

"Ba ya gyaruwa?" Humaira ta tambaya.

"Zare ɗari uku ne da wani abu. Sai an ƙulla kowane da ɗan'uwansa, yadda ƙullin zai ɓuya a cikin saƙa. A duk ƙauyenmu mutum ɗaya ce ta iya." Ta naɗe dardumar da ƙarfi, ta cusa zaren a jakarta, har wanda ya maƙale a ƙafar kujera. "Zan kai mata. Amma ke za ki kira ta yanzu, a gabana, ki faɗa mata abin da aka yi wa amanarta. Ba zan shiga gidan nan da rufaffen baki ta zaci ni na rufe ba."

Humaira ta ciro waya. Ta nemo lambar ƙungiyar masaƙan ta danna. Tana jin ƙarar shiga, tana neman kalmar da za ta fara da ita, aka buga ƙofa da tafin hannu, bugu uku masu nauyi.

Rabi'atu ta buɗe. Wata dattijuwa ce mai ƙiba, da zoben zinariya a kowane yatsa, direban tasi na tsaye a bayanta yana haki. Ba ta yi sallama ba. Ta leƙa ta saman kafaɗar Rabi'atu.

"Matar ɗana ta ce mini asibiti za ta," ta ce da Larabcin Masar. "Wannan ne asibitin? A cikinku wace ce likitar?"

Lina ta ƙanƙame dardumar a ƙirji. A kunnen Humaira kuma aka ɗaga waya, muryar Lalla Fatna ta ce, "Alo? 'Yata, kin kai?"