Guguwa a Tsakiyar Titi

Ko gama kwance igiyar daga wuyanta bai yi ba, Guguwa ta ɗaga hanci sama, ta shaƙi iska, ta cilla a guje.

"Guguwa!"

Ko waiwaye. Mai walda ya yar da igiyar ya rufa mata baya, takalman aikinsa masu nauyi suna dukan ƙasar filin ƙwallon. Ƙarshen filin babu katanga. Babban titi ne.

Karyar ta matarsa ce. Tun tana 'yar kwikwiya ta tsince ta a bayan shagonsa, ta riƙa ba ta madara a murfin kwalba. Ranar da matar ta gaji da tsawarsa ta koma gidan yayarta, inda ba a yarda da kare ba, dole ta bar ta. "Amana ce," ta ce masa a bakin ƙofa, idanunta jajir. "In wani abu ya same ta, kada ka neme ni." Yau da yamma ta ce za ta zo ta gan ta, shi kuwa ya ƙagu ya nuna mata Guguwa ta koyi amsa kira.

Likitar dabbobi, wata dattijuwa mai kaifin harshe, ita ta ɗora shi a hanya. "In ta gudu ta dawo, me kake yi mata?" ta tambaye shi.

"Duka mana, don ta san ta yi laifi."

"To ai dawowar kake hukuntawa, ɗan nan. Ko ni ce ba zan dawo ba."

Ta ce ya sa mata doguwar igiya, ya kira ta da murya mai laushi, ya ba ta soyayyar hanta duk sa'ad da ta zo, kuma ko sama da ƙasa za su haɗe kada ya bi ta da gudu. Da igiya komai ya tafi daidai. Yau ne ya fara kwance ta, ga shi kuma yana bin ta da gudu.

Wata mota ta danna oda, wata ta ci birki. Guguwa ta ratsa tsakaninsu ta haye dakalin simintin da ya raba titin biyu, ta tsaya tana haki. A nan ya ga abin da ya ja ta. Can tsallake, matarsa ce ta sauko daga bas, jaka a kafaɗa, ta dafe ƙirji.

Ɓangarensa akwai danja da ke tsayar da motoci. Ɓangaren matarsa gangara ce, tireloli na sauka ba tsayawa. Ya ga bakinta ya buɗe.

"Kada ki kira ta!" ya ƙwala. "Gimbiya, don Allah juya mata baya!"

Ta juya baya. Amma tsawar tasa ta riga ta isa kunnen karyar. Ta kwantar da kunnuwa, ta cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, ta matsa gefen gangarar. Ta san wannan muryar, ta kuma san abin da ke biyo bayanta.

Ya durƙusa a bakin titi.

"Guguwa... 'yar gidana. Zo mana. Zo, 'yar albarka."

Wani mai faci da ke zaune kan tsohuwar taya ya kwashe da dariya. "Maigida, karya kake lallashi haka? Ai ko amarya sai haka!"

Danja ta yi ja, motocin ɓangarensa suka tsaya. Guguwa ta dube shi, ta dubi bayan uwargijiyarta, ta ɗaga ƙafa ɗaya. Saura abu guda cikin abin da likitar ta faɗa, wanda ya rantse ba zai taɓa yi a gaban mutane ba. Ya miƙe, ya juya mata baya, ya zura cikin filin yana tafi yana 'yar siririyar murya kamar yaro ya ga alewa, sannan ya zube ƙasa ya kife fuska.

Bai ga komai ba. Yana jin injina suna gurnani, suna jiran kore. Ya ji sun tashi. Wani ya yi ihu. Ya runtse ido ya cika hannunsa da ƙasa, yana addu'ar da ko shi bai san me yake cewa ba.

Sai ya ji numfashi mai ɗumi a ƙeyarsa.

Ya cafke wuyanta da hagu. Hannun dama kuwa ya tashi sama da kansa, kamar yadda ya saba. Guguwa ta lafe a ƙasa ta rufe ido tana jira. Ya daɗe yana kallon idanun nan rufaffu. A hankali hannun ya sauko, ya shiga aljihu, ya zazzage mata hantar duka.

Matarsa ta tsallako ta gadar sama. Ta durƙusa ta rungume karyar tana kuka tana zaginta ƙasa-ƙasa, kafin ta ɗago ta dube shi, ƙura har cikin gemunsa.

"Wannan muryar fa? Ina ka ɓoye ta duk zamanmu?"

"Aro na yi," ya ce.

Ta so ta yi dariya, ta danne. Suka zauna a ƙasa, karyar a tsakaninsu, har inuwar ragar gola ta iso ƙafafunsu. Sannan ta kakkaɓe zaninta.

"Yaya na jirana."

Maganganu suka cika masa baki: gidanki fa, mutane fa, har yaushe? Ya haɗiye su ɗaya bayan ɗaya.

"Ki bi ta gada," ya ce. "Ki gaishe ta."

Ta ɗan tsaya, kamar tana jiran sauran maganar. Babu saura. Ta gyara jakarta, ta yi taku kaɗan, ta ce ba tare da ta juyo ba, "Gobe kada ka kwance ta sai na zo."