Bencin Baya a Cocin Karmo

Tun ƙarfe bakwai na safiyar Lahadi Fasto Thaddeus yake kai-komo a ɗan ofishinsa, ya zauna ya tashi, shayin da matarsa ta aiko har ya huce. A aljihunsa akwai takardar sanarwa, layi uku kacal. Tsoro yake ji, tsoro na gaske.

Cocinsu a Karmo yake, ginin bulo da kwano, kuma wata biyu ke nan da aka shafa masa jan fenti a bango, alamar rusau. Mutum ɗaya ne ya san ƙofar da za a bi a samo takardar fili kafin katafila ta iso: Dattijo Bartholomew, darakta a wata ma'aikata, mai zama a kujerar gaba. Shi ne kuma ya sharara wa Serah mari a harabar coci mako uku da suka wuce. Serah gwauruwa ce, ita ke share wurin. Laifinta? Ruwan wankin daɓe ya fallatsa wa sabuwar motarsa. Fasto ya gani ta taga da idonsa, ya ja labule.

Dokar ikilisiyar kuwa ko yaro ya san ta. Wanda ya ɗaga hannu a kan ɗan'uwa, a kira sunansa a gaban jama'a, ya koma bencin baya wata uku, ba cin jibin Ubangiji, ba riƙe muƙami. Mata nawa aka tura can a kan faɗan famfo? Ba wanda ya taɓa cewa uffan.

Philip, sakataren coci, ya shigo ya turo ƙofa.

"Baba Fasto, don Allah ka bar maganar nan. Oga Bartholomew ya ce fayil ɗinmu yana kan teburinsa. Ka taɓa shi yau, a kan ɓaraguzai za mu yi Kirsimeti."

"Serah fa?"

"Haba, Serah ta haƙura. Talaka ce, ta saba."

Wannan "ta saba" ita ta tsaya wa Fasto a rai har aka shiga sujada.

Zumuntar mata suka yi waƙa, ana buga tulu ana kaɗa caki. Serah tana cikinsu a layin ƙarshe, bakinta yana motsi, kanta a sunkuye. Da lokacin sanarwa ya yi, Fasto ya karanta taron matasa, ya karanta ranar gyaran rufi, sai ya tsaya. Gumi ya jiƙa masa wuya. Ya zaro takardar, ya karanta sunan Dattijo Bartholomew da laifinsa da horon wata uku.



Bartholomew ya miƙe a hankali yana gyara babbar riga. "Fasto, ka san abin da kake yi kuwa?"

"Na sani, Dattijo. Ban gama ba." Ya juya ga jama'a. "Ranar da aka mari 'yar'uwarmu ina kallo. Na ja labule, na yi shiru mako uku, domin na ji tsoron katafila fiye da yadda na ji tsoron Allah. Mama Serah, ki gafarce ni. Ni ma horon ya hau kaina."

Ya cire farar kwalar wuyansa, ya miƙa wa Philip Littafi Mai Tsarki, ya sauko. Tafiyar ba ta kai taku ashirin ba, amma kai, ta yi masa tsawo! Ya zauna a bencin baya, ya matsa gefe, ya bar wurin mutum ɗaya.

Kowa ya zuba wa Bartholomew ido. Ya dubi wurin da aka bar masa, ya daɗe yana duba. Sai ya ɗauki makullin motarsa ya fice ta ƙofar gefe. Aka ji motar ta tashi, aka ji ta yi nisa, kuma babu wanda bai san abin da ya tafi tare da ita ba. Wata tsohuwa ta fashe da kuka.

Serah ta taso ta durƙusa kusa da bencin, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Baba, da ka bari. Saboda ni za a rushe mana coci?"

"Ba saboda ke ba ne, Mama," ya ce, shi ma idonsa ya cika. "Tashi ki koma cikin 'yan'uwanki. Ke ba a nan wurinki yake ba."