Kujerar Bakin Sito

…kuma wai in gode. In gode wa wa? Kotu ta ce a mayar da ni aikina a gidan burodin nan, to ga shi an mayar da ni — kujera a bakin sito, nesa da teburin kwaɓi, nesa da tanda. "Ki huta, Yaya," in ji manaja. Ni na ce masa na gaji?

Shi ɗin da ranar da ya kore ni ko kallona bai iya yi ba. Wai masu saye za su gudu in suka ji ƙanjamau. Wa ya gaya masa? Ƙanwar matarsa, a asibiti take aiki… asirina ya zama abin hirar gidan suruki! Lauya ta ce doka ta hana, korar ma da tonon asirin ma. Na tsaya gaban alƙali, na faɗi sunan ciwon da bakina — ni da ko mahaifiyata sai da na yi ta kewaye-kewaye. 'Yata ta ƙanƙame ni a matakalar kotu: "Umma, mun ci!" Mun ci me?

Dubi Maman 'Yan Biyu, abokiyar aikina. A da kwano ɗaya muke sa hannu, ni na kwana da ita ran da ta haihu. Na wanke hannu a famfo, ta bi bayana da tsumma tana goge famfon… tana murmushi fa! Magani nake sha kullum, likita ya ce ko miji ba zan sa wa ba, balle fulawa. Fulawa, jama'a!

A'a. Ba zaman gadi na zo yi ba. Na miƙe. Ga tebur, ga kwaɓi, hannuna ya nutse — wayyo, laushin nan… Manaja ya buɗe baki ya rufe. Kotu ta ɗaure masa harshe. Ina murzawa, ina yankawa, ina jerawa a tire.

Sai ga Maman 'Yan Biyu ta ɗauki tiren, a hankali, da gefen zane. Ba tanda ta nufa ba. Bayan ƙofa ta ajiye shi, a ƙasa.

Ba wanda ya zage ni. Ba wanda ya kore ni. In kira lauya in ce mata me… wa zan kai ƙara yanzu?