Katin da Ya Jingina da Bango

Ni Kazmir, ramin kwal ya rufta da ni na fito da ƙafata. Ambaliya ta tafi da gidana, ni ba ta iya da ni ba. Ban taɓa zama a aji ba, amma kaf kwarinmu na Pennsylvania babu wanda ya kai ni jifan kati, ku tambayi duk wanda ya rage da rai.

Muna yara, katin 'yan wasan besbol, ƙwallon nan da ake bugawa da sanda, a ƙunshin cingam yake zuwa. Na ƙungiyarmu mai baƙar hula kaɗai nake tarawa, sauran sai in maƙala a wayar keke su yi ta ƙara. Wasan kuwa, a ja layi, kowa ya wurga katinsa wajen bango, wanda nasa ya fi kusa ya kwashe duka. In kati ya tsaya a jingine da bango, magana ta ƙare.

'Yan wasan shekarar da muka ɗauki kofi duk suna cikin gwangwanin biskit ɗina, ban da Relko mai cafe ƙwallo. Emil ne ya cinye shi a hannuna a bayan coci, ranar da iska ta yi mini tsiya. Da Emil muka taso, tare muka shiga rami, tare muka tsufa, kuma duk Lahadi sai ya zaro Relko daga walat ya tambaye ni ko za mu gaisa. In na ce a sake karawa, sai ya ce zakara ya yi ritaya. Akwai irinsa a kanti, amma ni nawa nake so.

Bara 'yarsa Darlene ta kira ni, ta ce ƙurar kwal ta gama da huhun babanta. Na same shi a gadon asibiti, robar iska a hanci, ya zama kamar tsinke. Ya miƙo mini katin.

"Ungo, Kaz. Kai shi wajen 'yan'uwansa."

"Sadaka za ka ba ni, tsohon banza? Ni ba a ba ni, ci nake."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sannan ya tambayi me zan saka. Na ciro Bodnar, babban mai jifan ƙwallo na ƙungiyarmu, katin da yake cikin hular kwanona ranar da rami ya rufta. Darlene ta ja ni gefe ta ce, Kawu, don Allah a sassauta masa. Na ce mata ubanta zai gane, kuma ba zai yafe mini ba.

Aka ɗaga masa kan gado, bakin gadon ya zama layi. Na fara wurgawa. Bodnar ya kwanta saura faɗin yatsa ya taɓa bango, ko ina saurayi ban fi haka ba. Emil ya daɗe yana saiti da hannun da aka soka wa allura, sannan ya wurga Relko. Katin ya tashi a karkace, ya bugi ƙafar kujera, ya juya, ya tsaya jingine da bango.



"Kujera ce ta taimake ka," in ji ni.

"Wancan karon iska, wannan karon kujera." Da ƙyar muryarsa take fita. "Darlene, kwaso mini kayana."

Bai ga wata Lahadin ba. Ranar da aka shirya shi cikin kwat ɗinsa ta zuwa coci, Darlene ta damƙa mini katunan biyu, idonta jawur, ta ce ai yanzu babu mai su sai ni. Na ce akwai. Na je bakin akwatin gawar, na zura su a aljihun ƙirjinsa, na gyara masa bakin aljihun.

Gwangwanina yanzu mutum biyu ne babu, kuma haka zan bar shi. Kaf kwarin nan mutum ɗaya ne ya taɓa cin Kazmir, shi ma sai da kujera ta sa baki.